Hali Zanen Dutse Ne, To Mene Ne Ruhu Mai Tsarki Yake Canzawa?

Kawuna, yayan mahaifiyata, duk ƙauyenmu an san shi da zuciya. In ta taso masa, yara haura katanga suke yi, matarsa ta shige gidan maƙwabta sai ƙura ta lafa. Ga burkutu kuma, ranar kasuwa ba ya dawowa da ƙafafunsa daidai. Shekarar da ya tuba, da rani aka yi masa baftisma, a ɗan gurbin ruwan da ya rage a rafi. Ruwan bai kai masa ƙugu ba, sai da fasto ya sa shi ya durƙusa kafin a iya nutsar da shi. Mata Zumunta suna bakin gaɓa suna buga tulu suna waƙa, matarsa tana kuka don murna.

Ba a cika mako uku ba, lokacin sharar gona, ya fasa wa maƙwabcinsa baki a kan iyaka. Da labari ya iso gida, kakata ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce, "Ai na gaya muku. Hali zanen dutse. Ruwan rafi ba ya wanke shi."

Maganar tsohuwar nan ita ce tambayar da duk mai cewa Ruhu Mai Tsarki yana canza mutum ya kamata ya iya amsawa, don ba da wasa ta faɗe ta ba, kuma shaida tana hannunta. Kiristoci suna da'awar cewa Allah da kansa yana shiga cikin mai bi ya zauna, ya mai da shi sabon mutum. In haka ne, me ya sa sabon mutumin yake kai naushi irin na tsohon?

Sai a fara da sunan, don a ƙasar Hausa yana da masu shi da yawa. Maƙwabcinka Musulmi in ya ji an ce Ruhu Mai Tsarki, abin da zai zo masa a rai shi ne Ruhul Kudusi, wanda malamai suka fassara da Mala'ika Jibrilu. Kirista ba wannan yake nufi ba. A wurinsa Ruhu ba mala'ika ba ne, ba halitta ba ce, ba kuma wani ƙarfi ne kamar lantarki da ake jona wa mutum ba. Allah ne, ɗaya yake da Uba da Ɗa. An daɗe ana kai ruwa rana a kan wannan a ikkilisiyar farko, sai a taron da aka yi a Kustantiniya, Istanbul ta yau, a shekarar 381 aka tsayar da magana a rubuce: Ruhu Ubangiji ne mai ba da rai, ana yi masa sujada tare da Uba da Ɗa. Shi ya sa Littafi Mai Tsarki yake maganarsa kamar mai rai da nufi. Yana koyarwa, yana hanawa, ana iya yi masa ƙarya, ana iya ɓata masa rai. Lantarki kuwa ba a ɓata masa rai.

Akwai kuma wani abin da ya fi kusa da mu. A Ibrananci, kalma ɗaya ce ake amfani da ita a ce iska, a ce numfashi, a ce ruhu, kuma 'yar'uwa ce ga kalmar Larabci da muka aro "ruhu" daga gare ta. Haka abin yake a Helenanci. Shi ya sa da Yesu yake magana da Nikodimu, wani shugaban Yahudawa, da dare, a Bisharar Yahaya sura 3, ya ce iska tana busawa inda ta ga dama, kana jin motsinta amma ba ka san inda ta fito ko inda za ta ba, haka duk wanda aka haifa ta Ruhu yake. Wasa yake yi da kalma mai fuska biyu. Abin mamaki, Hausa ma tana da irin wannan kalmar: iska ce take kaɗa ganye, iska ce kuma take hawa mutum a filin bori. Amma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba shi shekaru masu yawa na rayuwarsa, sunan da aka tsayar shi ne Ruhu. A ganina an tsallake rami babba.

Duba yadda bori yake. Garaya tana tashi, ɗan bori ya faɗi, muryarsa ta sauya, ya yi magana da bakin wani. Doki ake kiransa, in mace ce goɗiya, don hawansa aka yi. In iskar za ta sauka ya yi atishawa, ya miƙe bai san abin da ya faɗa ba. Washegari shi ne dai na shekaranjiya, in marowaci ne yana nan da rowarsa. Doki ba ya canza hali don sarki ya hau shi, yakan koma turkensa yadda ya fito. Abin da Sabon Alkawari yake faɗa a kan Ruhu ya yi hannun riga da wannan. A jerin abubuwan da Manzo Bulus ya ce Ruhu yana haifarwa, na ƙarshe shi ne kamunkai. Ya kuma gaya wa Korantiyawa cewa masu annabci suna da ikon yin shiru, su yi magana bi da bi, biyu ko uku, don Allah ba na hargitsi ba ne. Wato Ruhu ba ya ƙwace wa mutum hankalinsa ya hau shi. Mayar masa da linzamin kansa yake yi. Na tsaya a kan wannan ne domin da yawa daga cikinmu, jikokin waɗanda suka baro bori, mun shigo coci da ma'aunin bori a aljihu: in ba a faɗi ƙasa ba, in jiki bai karkaɗa ba, sai mu ce yau Ruhu bai sauko ba.

Yanzu ga maganar dutse. Ezekiyel firist ne da aka kwasa zuwa Babila a shekarar 597 kafin haihuwar Almasihu, ya zauna cikin mutanen da aka yi ta yi wa wa'azi shekara da shekaru ba su ji ba har ƙasarsu ta rushe. In akwai wanda ya san taurin halin ɗan Adam, shi ne. A sura 36 ta littafinsa, Allah ya ce zai cire musu zuciyar dutse ya ba su ta nama, ya sa Ruhunsa a cikinsu, ya sa su bi umarninsa. Lura da kyau, annabin bai yi wa kakata musu ba. Ya yarda dutse ne. Ya yarda zanen ba ya kankaruwa, nasiha ba ta goge shi, tsoro ba ya goge shi, ruwan rafi balle. Abin da ya ƙara shi ne za a ɗauke dutsen dungurungum a sa wani abu mai rai a gurbinsa. Wannan ne Kiristoci suke kira sake haihuwa, kuma shi ya sa ba sa ɗaukar ta a matsayin gyaran hali irin na "daga yau na daina". Jariri ba ya haifar kansa.

To, in an ɗauke dutsen, ina naushin ya fito? A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, masu bi da marasa bi duka, don sun ɗauka abu ɗaya ne ake yi a gama a rana ɗaya. Bulus ya yi amfani da wata kalmar kasuwa da Bahaushe zai gane nan take. A Afisawa sura 1 ya ce Ruhu shi ne abin da aka fara bayarwa don tabbatar da gādon da ke zuwa. Kafin alƙalami ke nan. Wanda ya ba da kafin alƙalami a kan gona, gonar ta zama tasa, ba mai sayar wa wani, amma ba a gama biya ba, ba a kuma share ta ba, ƙaya da kututture suna nan. Ciniki ya faɗa, aiki bai ƙare ba. Mai bi yana tsakanin waɗannan biyun har ranar da zai bar duniya, kuma malaman tauhidi suna kiran wannan doguwar tafiyar tsarkakewa.

Misalin da ya fi kwanta mini a rai na lambu ne. Duk wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure ya san yadda ake yi: ka sami dashen mangwaron gida, mai zare da tsami, ka yanke kansa, ka tsaga, ka soka reshen mai daɗi, ka ɗaure da leda. In ya kama, itacen ya zama wani abu dabam, 'ya'yan da zai yi ba irin na dā ba ne. Sai dai gindin yana nan, kuma ba ya fasa fitar da tofo daga ƙasan wurin auren. In mai lambu ya yi sakaci, tofon nan zai shanye ruwan, ya fi reshen ƙarfi, a wayi gari ana tsinkar mai zare a itacen da aka yi wa aure. Ga shi kuma ko ya kama da kyau, ba a shekarar ake cin 'ya'yansa ba. Abin da Bulus ya kira halin mutuntaka shi ne gindin nan, a Galatiyawa sura 5 kuwa ya ce shi da Ruhu gāba suke yi da juna a cikin mutum ɗaya. Saboda haka kokawa ba alamar rashin Ruhu ba ce. Kafin tuba kawu yakan doki mutum ya yi barcinsa har da minshari. A wannan karon, matarsa ta ce kwana ya yi yana juyi a kan tabarma, da asuba ya tafi gidan fasto da ƙafarsa, aka sa shi ƙarƙashin horo, ya yi watanni a bencin baya ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi suke ci tare don tunawa da mutuwar Yesu. Naushin tsoho ne, rashin barcin ne sabo. Yesu ya ce in Mai Taimako, wato Ruhu, ya zo zai faɗakar da duniya a kan zunubi, kuma sau da yawa aikinsa na farko ke nan, ya hana ka sakat a kan abin da dā ba ka ko lura da shi.

Kada a ce wannan na ƙananan masu bi ne. Ɗauki Bitrus, almajirin Yesu. Shi ne ya yi musun Ubangijinsa sau uku, har a gaban wata baiwa a bakin wuta, a daren da aka kama Yesu. Bayan mako bakwai, ranar idin Yahudawa na Fentikos, Ruhu ya sauko wa mutum wajen 120, Bitrus ɗin nan ya miƙe a tsakiyar Urushalima ya yi wa'azi, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma a ranar. Masu wa'azi suna son tsayawa a nan, don labarin ya yi daɗi. Amma bayan shekaru, a Antakiya, Bitrus yana cin abinci kwano ɗaya da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, sai ga baƙi daga Urushalima. Nan da nan ya janye jikinsa, ya koma cin abinci da 'yan gida kawai, har Barnaba, abokin aikin Bulus, ya bi sahunsa. Sai da Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Tsoron mutane ne dai, wanda ya kayar da shi a bakin wuta, ya sake tofowa bayan Fentikos, wannan karon sanye da rigar ƙabilanci. Duk wanda ya taɓa zama a taron zaɓen dattawan ikkilisiya, ya ji ana raɗa "ɗan wane gari ne?" kafin a tambayi halinsa, ya san Antakiya ba ta da nisa. Mu Hausawa Kirista mun fi kowa sanin ɗacin abin, don akwai ranakun da za ka shiga majami'a da babbar riga da hula, a bi ka da kallo har ka zauna.

Me ake nema a gani ke nan? Jerin yana Galatiyawa 5: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai. Abu tara ne, amma a Helenanci kalmar da ta ɗaure su tilo ce, kamar a ce nono ɗaya na dabino mai 'ya'ya da yawa, ba tara-tara a tire ba da za ka zaɓi wanda ya yi maka. Mai fara'a da ba ya biyan bashi bai isa ya ce shi farin ciki aka ba shi, aminci na wasu ne ba. Ka kuma dubi jerin, babu ko ɗaya da za a iya nunawa a kan dakalin wa'azi cikin minti goma. Haƙuri sai an cuce ka ake ganinsa. Aminci sai an bar ka da kuɗin baiko ba mai ƙirgawa. Masu ba da shaidar waɗannan su ne matarka, da yaron shagonka, da wanda kuke iyakar gona.

Ta nan gardamar da ta fi zafi a cocinmu take shigowa, ta baye-baye. Ruhu yana ba da baye-baye, wannan a rubuce yake a 1 Korantiyawa sura 12: hikima, warkarwa, annabci, harsuna, fassarar harsuna, har da taimako da iya shugabanci waɗanda ba a cika yi musu tafi ba. A 1901, a wata makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofeka ta Amurka, Charles Parham ya koyar cewa akwai baftismar Ruhu dabam bayan tuba, alamarta kuma magana da harsuna. A 1906 abin ya kama kamar wutar daji a Titin Azusa na Los Anjelis, ƙarƙashin William Seymour, ɗan 'yantattun bayi mai ido ɗaya. Daga nan Fentikostal na zamani suka yaɗu a duniya. A 1967 irin wannan motsi ya shiga cikin Katolika ma, ya fara daga ɗalibai da malaman wata jami'a a Fitsbag. A Najeriya kuwa, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, farkawa ta tashi a cikin ɗaliban jami'o'in Ibadan da Ife, ɗalibai da ma'aikata suka hauro da ita arewa. Ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan, irin su ECWA da COCIN, sun karɓe ta da ɗari-ɗari. Dattawa suna ganin yara sun zo da hayaniya da raina manya, yara suna ganin dattawa sun mai da sujada kamar zaman makoki. Kowa yana da ɗan gaskiyarsa. Ni dai ban yarda a ce Ruhu ya daina ba da baye-baye ba, kuma addu'ar da matasan nan suka farfaɗo da ita ta yi wa cocinmu amfani. Amma abin da ya fi ba ni mamaki a labarin Azusa ba harsunan ba ne. A lokacin da doka da al'ada suka raba baƙi da farare a Amurka, a wannan tsohon ginin sun durƙusa kafaɗa da kafaɗa. Shi kansa Seymour daga baya ya koma yana jaddada ƙauna a kan harsuna a matsayin alamar Ruhu. Ba a jima ba kuma launin fata ya sake raba su.

Korantiyawa sun isa gargaɗi. Bulus ya shaida musu cewa ba su rasa kowace baiwa ba, a wasiƙar nan dai ya ce da su jarirai, masu tsattsaguwa, masu kai juna kotu, masu buguwa a wurin Jibi yayin da matalauci yake zaune da yunwa. Baiwa da girma ba tagwaye ba ne. Baiwa kan zo a dare ɗaya, hali kuwa sai damina ta bi damina.

Inda abin ya zama ɓarna shi ne inda aka mai da sunan Ruhu jari. Na taɓa raka wata 'yar'uwa addu'ar dare a birni, shekara shida da aure ba haihuwa. Mai wa'azin ya nuna ta da yatsa ya ce Ruhu ya nuna masa wata tsohuwa a gidan mijinta ta ɗaure mata mahaifa, ya kuma sayar mata da 'yar kwalbar mai. Tsohuwa ɗaya ce a gidan, surukarta, wadda ta yi jinyarta lokacin da ta yi ɓari. Shekara biyu ba su gaisa ba. Da aka je asibiti, matsalar ta likita ce. Wanda ya karanta Ayyukan Manzanni sura 8 ya san ba yau aka fara ba: Siman mai sihiri na Samariya ya zaro kuɗi zai sayi ikon ba da Ruhu, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Yahaya ya ce kada a gaskata kowane ruhu, a gwada. Gwajin kuma ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Yesu ya ce Ruhu zai ɗaukaka shi, ba mai riƙe da makirfo ba. Maganar da ta shiga gida ta bar suruka da matar ɗa ba sa ga maciji, ko an faɗe ta da harsuna goma, ba daga mai haifar da salama ta fito ba. Boka ma abin da yake faɗa ke nan, shi dai bai riƙe Littafi ba.

Ɗariku sun sha bamban a kan yaushe da ta yaya. Katolika da Angilikan suna ɗaura maganar a kan baftisma da tabbatarwa, inda bishof yake ɗora hannu. Ikkilisiyoyin bishara suna cewa lokacin da mutum ya ba da gaskiya ne Ruhu yake shiga, sauran kuma cikawa ce a kai a kai. John Wesley ya koyar cewa ana iya kaiwa ga cikakkiyar ƙauna tun a duniya, mabiya Calvin suka ce kokawar sai kabari. Na bar wa makarantun tauhidi wannan. Abin da ya haɗa su ya fi yawa, kuma ya shafi tambayar da kowane ɗan ajin baftisma yake yi: in Ruhu ne yake aikin, ni mene ne nawa? A Filibiyawa sura 2 an ajiye biyun a jimla ɗaya ba tare da an ga sun yi karo ba, ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku, shi ne yake sa ku so, ya kuma sa ku yi. Manomi bai taɓa sa hatsi ya tsiro ba, amma wanda ya kwanta a inuwa lokacin noman fari don wai Allah ne mai ba da amfani, ciyawa zai girba. Karatun Maganar Allah, addu'a, Jibin Ubangiji, zumunta, furta laifi ga wanda ka cuta, biyan abin da ka ci na mutane, su ne fartanyar. Ba su ne ran ba.

Akwai wata magana da ba na son mu riƙa kauce mata. Wani zai ce, ga malamin unguwarmu, bai taɓa shiga coci ba, amma ya fi dattijon ikkilisiyarku haƙuri da riƙon amana nesa ba kusa ba. Sau da yawa gaskiya ne, kuma Kirista mai hankali ba zai yi musu ba. Koyarwar ba ta ce kirki ya ƙare a wajen majami'a ba. Wani an haife shi da sanyin rai, ya tashi a gidan tarbiyya, wani kuma an haife shi da wuta a ciki, ya tashi ana dukansa. Wanda ya fara tafiya daga gindin rijiya ba a auna shi da wanda ya fara daga kan tudu, ana tambaya ne ina yake bara, ina yake bana. Sai dai wannan amsar tana da kaifi biyu. In mutum ya shekara 30 yana ɗaga hannu a sujada, matarsa ba ta ga bambanci ba, masu binsa bashi ba su gani ba, to tambayar tana kansa, kuma Romawa sura 8 ba ta sassauta ba: wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nasa ba ne.

Wurin da aka fi gwada wannan koyarwar a arewa shi ne gafara, don a nan maganar ta wuce iyakar gona. Fasto James Wuye na Kaduna ya jagoranci matasa Kirista masu ɗaukar makami, ya kuma rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf. Imam Muhammad Ashafa, wanda yake ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 aka haɗa su, suka fara aikin sulhu tare wanda ya kai su ƙasashe da dama. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne Wuye bai ɓoye ba cewa ko bayan sun fara tafiya tare, ya ɗauki shekaru yana fama da ƙiyayya a zuci kafin ta sake shi. Fasto ne, yana wa'azi, yana addu'a, tofon yana nan. Haka kuma 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ikkilisiyar da aka kafa a Garkiɗa a 1923 a kan koyarwar zaman lafiya da ƙin ramuwa. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yansu ne, a Oktoban shekarar kuma aka mamaye hedikwatarsu a Kwarhi. Wanda bai binne nasa ba bai kamata ya yi saurin koya wa irin waɗannan mutane gafara ba. Abin da Littafi yake da shi dominsu ba umarni kaɗai ba ne. Romawa 8 ta ce akwai lokacin da ba mu san ma abin da za mu roƙa ba, sai Ruhu da kansa ya yi roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. A surar nan ce kuma aka ce ba ruhun bauta aka ba mu da za mu koma tsoro ba, Ruhun zama 'ya'ya ne, wanda yake sa mu kira Allah Abba. Da harshenmu, Baba. Ga mutanen da suka tashi suna jin kowa bawan Allah ne, wannan kalmar ita ce mafi nauyi a baki, kuma akwai waɗanda a sansanin gudun hijira ita kaɗai ta rage musu ta addu'a.

Kawu ya bar burkutu a shekara ta biyu, ya koma sau ɗaya a bikin wani ɗan'uwa, ya sake bari. Fushin ne ya daɗe. Ina aji shida a firamare, shekara 11 ke nan da baftismarsa, da damina dawa ta kai gwiwa, awakin maƙwabcin nan dai suka tsinke suka shiga gonarsa, suka yi wa kunya kusan ashirin aski. Ni na fara gani na ruga na kira shi, ina murna a ɓoye don na san yau akwai kallo. Ya zo da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin gonar, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa na rawa, har na ja da baya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya sauke fartanyar ya jingina ta da kuka, ya ce da ni, "Ɗauko igiya." Mu biyu muka tattara awakin, ya ja su da kansa har ƙofar gidan mutumin, ya yi sallama. Mutumin ya fito yana waige-waigen hanyar gudu. Kawu ya miƙa masa igiyar ya ce, "Ga awakinka. A riƙa ɗaurewa, damina ce."

Da muka koma gida bai yi wa kowa magana ba. Ya zauna a gindin rumbu har duhu ya yi, hannuwansa na karkarwa a kan gwiwa. Matarsa ta ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Kakata, wadda a lokacin ido ya fara yi mata nauyi, ta tambaye ni abin da ya faru, na ba ta labari tun daga farko. Ta yi shiru, sannan ta ce wa matar, "Rufe masa tuwon, kada kaji su shiga." Da asuba ya ci shi da sanyinsa, ya ɗebi iri a ƙwarya, ya tashe ni muka tafi cike gurbin.